Kifin Lis a Turmin Inna

Mun tashi daga unguwarmu ta Shisha a Makka ana idar da sallar asuba, ni da maigidana, da akwatunan ƙanƙara biyu a bayan mota, ɗaya namu, ɗaya na maƙwabta. Gari bai gama farkawa ba. Masu gasa burodin tamis ne kawai suka buɗe, ga 'yan layin ful kowa da kwanonsa a hannu. Maigidan ya rage gudu yana kallon tanda, na ce ya yi haƙuri, in muka tsaya cin wake da burodi sai dai mu tarar da ƙaya a kasuwar kifi ta Lis, can bakin teku. Ya ce shi bai taɓa ganin inda ake hana direba karyawa ba sai a gidansa. Duk da haka ya taka mota.

Bari in gaya muku abin da ya fitar da mu, kada ku ɗauka shan iska muka tafi. Innarmu ce ta daina cin abinci. Tun da aka bugo waya daga Yauri aka ce ƙanwarta ta rasu, ba ta yi kuka a gabanmu ba, ba ta kuma ƙara cin abin kirki ba. Su biyu suka rage a ɗakinsu. Tun ina ƙarama, duk shekara wannan ƙanwar tata sai ta aiko da bandar tarwaɗa ta hannun alhazai, a kwali, an naɗe da tsohon zane, ƙamshin hayaƙi ya kama har igiyar ɗaurin. Inna ba ta taɓa komawa gida ba tun zuwanta Makka. Da farko takarda ce ta hana, daga baya ƙafa ta hana. Bana alhazai sun zo sun koma, ba wanda ya ƙwanƙwasa mana ƙofa da kwali.

Na sayo mata banda a wurin matan da ke kasa kaya a Aziziyya, ta shinshina ta ture. Na sayo ɗanyen kifi a halaga, babbar kasuwar Ka'akiyya, ta ce kifin da ya kwana a mota ba kifi ba ne. Likita kuma bai ɓoye mana ba: in muka koma mako mai zuwa ya ga ta ƙara ramewa, zai kwantar da ita ya sa mata robar abinci ta hanci. A wannan asibitin Babanmu ya cika. Inna ta ce ita da gadon can sai dai a kai ta ba ta sani ba. Shi ya sa na ce bari in je bakin teku da kaina in samo wanda aka fitar daga ruwa a ranar.

Muka biya Ka'akiyya muka ɗauki ƙanena, wanda shi da matarsa ke zaune da Inna a tsohon gidanmu. Na leƙa ɗakinta. Tana kwance a kan darduma, fuskarta na kallon bango. Na ce, "Inna, za mu Lis." Ta ce, "Allah shi kiyaye hanya," ba ta ko juyo ba.

Hanyar Lis daga nan Ka'akiyya take fita, ta yi kudu. Kana barin duwatsun Makka sai ƙasa ta baje, ba komai sai yashi da ƙayoyi da raƙuma suna kallon motoci. Titin yanzu biyu ne, mai zuwa da mai dawowa, sumul, ga gidajen mai da kantuna a ciki. Ni dai tsohuwar hanyar nake gani a raina, 'yar siririya wadda in babbar mota ta taho sai kowa ya kama salati. Babanmu Basarke ne, a ruwan Yauri ya tashi. Ya zo aikin Hajji ya zauna, ya yi ga-ruwa, ya yi gadi, a garin da babu ko ƙorama. In kewar ruwa ta taso masa, sai ya ari a-kori-kurar wani abokinsa, ya shimfiɗa mana tabarma a baya, mu kama hanya iska na dukanmu, muna rera duk abin da ya zo bakinmu. Inna takan zauna a gaba da tukunyar dafa-duka a cinyarta. Ƙanena bai san wannan zamanin ba, lokacin ana goyonsa. Ina ba shi labari yana cewa, "Wallah, Yaya?" idonsa na kan waya.

A Yalamlam, inda masu zuwa Umra daga kudu ke ɗaukar harami, muka ga bas-bas sun jeru, maza na fitowa farare tas suna gyara mayafi a kafaɗa. Gaba kaɗan na ji tausayin direbana muka tsaya. Da can akwai gidan gahawa a wajen nan mai gadajen igiya, ana kawo shayi a 'yar buta da ƙananan kofunan gilashi. Yanzu taga ce kawai, a miƙo maka kofin takarda, kuɗin kuma ya ninka ba kunya. Shayin dai da ganyen habak ne mai ƙamshin na'a-na'a, kamar da, nan kam ban yi ƙorafi ba.

Kafin ka ga teku za ka ji shi. Iska ta yi nauyi, abaya ta manne mini a baya, ga warin gishiri da ƙarni. Mun isa da hantsi, jiragen na shigowa, ana juye kifi a kan siminti ana watsa masa ruwa. Masuntan kala-kala ne, 'yan gari da Yamalawa da 'yan Bangaladash, dillali a tsakiya yana ƙwala farashi da sauri har ba ka tantance lambar. Ga najil ja wur, wanda kuɗinsa ya sa na kau da kai kamar ban gan shi ba. Ga hamur, ga wani kore mai baki irin na aku. Na zaga na zaga ina neman mai kama da tarwaɗa, na kuwa san ba zan samu ba, don tarwaɗar Inna ba ta shan ruwan gishiri.

Wani dattijon masunci yana zaune a kan kifaffen bokiti yana ɗinkin koma. Na gaishe shi na tambaye shi da Larabci wane kifi ne ke jure hayaƙi. Ya nuna mini da haɓa wani tsibi na kifin tuna, baƙaƙen baya, ciki na ƙyalli. Ya ce ranar sun samu da yawa, shi ya sa ya yi araha. Ya ƙara da cewa, "Amma in dafawa za ki yi, ya 'yata, kada ki bar shi ya daɗe a wuta. Ba ya son wuta." Na ce to.

Babanmu yana da doka: ba a sayen yankakken kifi. Sai ka ɗaga kumatunsa ka ga ja, ka dubi idonsa ka ga bai dushe ba. Wannan dokar ita kaɗai ƙanena ya riƙe daga duk tarbiyyar Baba, ya kuwa tsaya a kanta. Guda ɗaya muka yi niyya. Sai dai dillali ba ya raba tsibi, maigidana kuma in ya shiga ciniki ba ya son a ga bayansa. Ina can ina kallon jatan lande, na waiwayo na ga ana jawo mana manya uku, kowanne ya kai tsawon yaron da aka yaye. Ƙanena ya ce, "Yaya, samak ɗin nan marra babba ne, ina za mu sa shi?" Na ce ya tambayi wanda ya ci ciniki. Akwatunan suka ƙi rufuwa, wutsiyoyi suka leƙo waje. Muka sayi ƙanƙara muka danna ta ko'ina, har cikin cikinsu bayan an fitar da hanji, muka lulluɓe da tsohon bargon mota.

Kafin mu juya na bar su na taka zuwa bakin ruwa. A nan Baba yakan naɗe wando ya shiga har gwiwa, ya ɗebi ruwa a tafi ya kurɓa, ya tofar, ya ce, "Ruwa har haka, amma ba na sha ba." Kullum sai ya yi, kullum sai mun yi dariya. Sannan ya tsaya yana kallon jirage, mu ba mu san abin da yake gani ba. Yanzu da na kai shekarunsa na lokacin na sani. Na yi kewarsa ƙwarai a wurin nan, har sai da na share ido da gefen mayafi kafin in koma mota.

Dawowa gudu muka yi da rana. Ƙanƙara na narkewa, ruwan ƙarni na bin ƙasan mota yana zuwa ƙafafuna, maigidan na lissafin yadda zai wanke kujeru. Sau biyu muna tsayawa ƙara ƙanƙara. Mun shiga Ka'akiyya kafin la'asar.

Muka shimfiɗa leda a tsakar gida, aka wasa wuƙa. Da aka tsaga na farko, matar ƙanena ta dafe ƙirji ta ce, "Wannan kifi ne ko sa?" Tsokar ja ce jawur, ba ƙananan ƙayoyi. Wanda ya taɓa samun kifi mai yawa haka a garin zafi ya san ba a zama shawara, hannu ne ke aiki baki na bi. Na farkon muka yanka fala-fala, muka ɗibi rabon maƙwabta, don a layinmu wanda ya dawo daga tafiya ba ya shiga ɗaki da tsarabarsa shi kaɗai. Matar ƙanena ta ɗora sayadiyya, shinkafar nan da ake soya albasa har ta kusa ƙonewa kafin a zuba ruwa. Ni na jiƙa tsamiya na yi miyar da mutanen Hijaz ke tsoma soyayyen kifi a ciki. Na biyun muka yanka ƙanana, wasu muka mulke da ƙuli-ƙuli da yaji don tsire, wanda Larabawan nan suka karɓa daga iyayenmu suke kira sire, wasu muka tafasa sama-sama don sambusa. Sauran muka ƙulla a leda, daidai girki ɗaya ɗaya, muka baje su a firiza don su yi saurin daskarewa. Na ukun na ware don banda. Maza suka hau rufin gida da rabin ganga da raga da gawayi.

Na zaɓi yanka mafi kyau, na soya shi minti kaɗan kowane gefe kamar yadda dattijon ya ce, na ɗora a kan sayadiyya na kai wa Inna. Ta tashi zaune don kada in ji kunya. Ta duba, ta ce, "Sannunku da hanya. Na ƙoshi." Na fito da farantin. Na tsaya a bakin ƙofar girki ina kallon tulin kifin nan, na ji kamar in zauna a ƙasa in yi kuka.

Ana haka ƙanena ya tattara kawunan uku da ƙashin baya da baƙar tsokar nan ta tsakiya mai ƙarni, ya zuba a roba zai kai bola. Hanyarsa ta ƙofar Inna take.

"Kai, mi ka ɗauko nan?" in ji ta daga ciki.

"Kai ne, Inna. Zubarwa zan yi."

"Zubarwa?" Muka ji motsi. "Kan kihi? Aje shi nan. Ɗiyan Basarke za su zubda kan kihi ina raye."

Sai ga ta a bakin ƙofa, ta dafa bango, zanenta ya yi mata yawa. Na kawo mata kujera 'yar tsugunne. Rabon da ta fito tsakar gida har na manta. Ta sa aka datse kawunan da adda, aka wanke da lemun tsami. Ta ce a kawo daddawa, da citta, da masoro, da kanumfari, da attaruhu. Ta ce tukunyar ta yi kaɗan, a ɗauko ta suna. Da ta ga romo ya yi yawa, sai ta nuna tsokar da na ajiye don gobe ta ce a zuba duka. Sannan ta ce a rufe, kada wanda ya taɓa sai bayan magariba. "Kihi in bai daɗe bisa wuta ba, ƙarni shika yi."

Na san abin da zai faru. Inna ta shafe shekaru tana dafa banda, wadda sai ta sha wuta take sakin jiki, tarwaɗar garinsu kuma ko an kwana ana dafa ta mai ne da ita. Maganar dattijon tana kunnena. Matar ƙanena ta kalle ni, na kalle ta. Matar da muka yi ta roƙo ta tashi ta tashi, wa zai ce mata ta yi kuskure?

Bayan magariba aka sauke, an riga an tuƙa tuwon shinkafa. Romon kam ba a magana, ƙamshinsa ya cika layi. Aka fara zuba wa maigidana a matsayinsa na suruki, ya zauna can gefe a kan tabarma. Ya kai tsoka baki. Ya tauna. Ya ƙara taunawa. Ya ce, "Ma sha Allah," ya ci gaba da tauna, jijiyar wuyansa ta tashi. Inna ta ɗauki yanka ɗaya ta matsa da yatsu, ya ƙi ko motsi, ya zama kamar ɓawon rake da aka tsotse. Ta dubi tukunya, ta saci kallon surukinta da har yanzu bai haɗiye ba. Sai kafaɗunta suka fara rawa. Ta ja mayafi ta rufe baki, ta ce da ni a hankali, "Ce ma mijinki shi tohar, kada kunya ta kashe muna shi." Dariya ta ƙwace mata, mu ma muka saki tamu. Ta kurɓi romo cokali biyu ta ajiye. Ba ci ba ne, amma na kwana da ɗan sauƙi a raina.

Da safe ita ta tashe ni. Ta ce wannan tsokar ba za ta tafi a banza ba, a fito mata da turminta, wanda wani alhaji ya taho mata da shi tun kafin a haife ni. Muka tsame tsokar, muka cire 'yan ƙasusuwa. Ta gwada ɗaga taɓarya hannunta ya ƙi, ta miƙo mini. Ina daka tana sauraro, tana cewa in sassauta, ba gero ba ne. Tsokar da ta gagari haƙori sai ga ta ta watse zare-zare. Aka zuba albasa da yaji da gishiri aka ƙara kirɓawa. Ta sa aka kawo mata ƙaramin risho gabanta, ta zuba man gyaɗa kaɗan, ta rage wuta, ta shiga juyawa da kanta har ya bushe ya yi ja. Dambun kifi ke nan, wanda zai yi makonni a kwalba bai lalace ba.

Mai girki dole ta ɗanɗana gishiri. Ta ɗiba da yatsu uku ta kai baki. Ta ce da saura. Ta ƙara gishiri, ta sake ɗanɗanawa. Ta sake. Ni da matar ƙanena muka duƙufa wanke-wanke kamar an biya mu, ba wadda ta yarda ta ɗaga kai. Can sai muka ji ta ce, "Akwai sauran tuwon shinkahwa na jiya?" Har tuntuɓe na yi.

Tana cikin ci aka sauko da bandar daga rufi, ta yi duhu tana ƙamshin gawayi. Na kai mata guda. Ta juya ta, ta kai hanci ta daɗe. Ta ce, "Ba irin nata ba ne." Daga nan ta kira sunan ƙanwarta, karo na farko tun rasuwar. Ta ce suna yara su biyu ake bari tsaron banda a bakin ruwa, ita takan yi barci, ƙanwar ta tsare wutar, in an zo yabo kuma ita babba ake yaba wa. Hawaye na zuba, hannunta bai bar kwano ba. Muka zauna kusa da ita, ba mu hana ta ko ɗaya ba. Ta cinye tuwon, ta suɗe yatsu.

Mun baro Ka'akiyya bayan la'asar da rabonmu na dambu da tsire da ƙullin firiza. Motar har yau in rana ta buga ta, maguna na zagaye ta. Ga wanda Allah ya haɗa da kifin tuna mai yawa, abin da na koyo shi ne ya fara da ƙanƙara da maƙwabta, ya soya kaɗan ya ci a ranar, kada ya bar shi ya daɗe a wuta, kada ya zubar da kai, in kuma ya sha wuta ya yi tauri to ya nemi turmi. Ɗaya darasin ya fi mini zafi. Makonni ina kai wa Inna faranti har gado ina roƙonta, na manta ita ce ta ciyar da gidan nan tun ba mu san kanmu ba. Mun karɓe mata wuta da tukunya don tausayi, muka bar ta da bango. Ban san abin da ma'aunin likita zai nuna ba, ina dai addu'a, ku ma ku taya mu.

Muna hawa benen gidanmu a Shisha wayata ta yi ƙara. Ƙanena ne, ya ce ga Inna. Na manna wayar a kunne. Muryarta ta fito ƙasa-ƙasa, tana tauna wani abu.

"In za ku koma Lis, ku tahi da ni," ta ce. "Ni za ni zaɓa. Ku ba ku san kihi ba."